Itatuwan Ciyaman a Gonar Aro

Idan ka sauka Tungar Maje, can ƙasar Ngaski inda hanya take ƙarewa a bakin ruwa, ka ce Ɗanjuma kake nema, sai an tambaye ka wanne, don suna da dama. Amma ka ce Ciyaman, ko makaho zai ja ka har ƙofar gidan. Ciyaman na me? Oho! Ba wanda ya taɓa zaɓensa, ba kuma wanda ya damu ya tsige shi. Shi dai tun yana saurayi Allah ya jarrabe shi da son farar mota. Da ya ji kukan inji daga kan tudu, ko tsakiyar cin tuwo yake, sai ya suɗe hannu ya zari hula. Kafin direba ya kashe mota ya riga ya buɗe wa baƙi ƙofa yana cewa, “Sannunku da zuwa, mun daɗe muna jiranku,” alhali ko sunan ƙungiyarsu bai sani ba.

Masu raba gidan sauro sun zo, shi ne shugaba. Masu sabon murhun bandar kifi sun zo, shi ne shugaba, ga shi ko ƙarfasa ɗaya bai taɓa kamawa da hannunsa ba. Da aka kawo rigunan ceto na masu jirgi, mutumin da bai mallaki ko filafili ba, shi ya tsaya gaba a hoto, ya ɗaure igiyar rigar har wuya kamar ragon layya, masunta na gaskiya suna leƙe ta bayan kafaɗarsa. Hulunan ƙungiyoyi kuwa, da rigunan da aka buga wa rubutu a ƙirji, kwalla guda matarsa Dudu ta ware musu. Ba ɓarawo ba ne, a faɗi gaskiya, bai taɓa karkatar da kayan jama'a zuwa ɗakinsa ba. Shi abin da yake so kawai a kira sunansa a lasifika, mutane su waiwaya.

Wannan duka wasa ne, kuma garin ya saba da shi, ana dariya ana wucewa. Abin da ba wasa ba shi ne gonar da gidansa ke ci.

Uban Ɗanjuma, marigayi Haliru, mutumin gungu ne, wato cikin tsibiran kogi aka haife shi. Da aka tare ruwa a Kainji tafki ya taso, garinsu ya nutse da gonakinsa da kaburburansa, aka kwaso su aka zube a tudu cikin gidajen da gwamnati ta gina. Filin da aka yankar wa Haliru marmara ne zalla, ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta tsiro. A lokacin ne wani saurayi ɗan ƙasa, Musa, wanda suka saba a kasuwar kifi, ya kama hannunsa ya kai shi bayan gari, ya nuna masa wata jigawa mai laushi daga bakin hanya har gindin wata tsamiya. Ya ce, “Ka noma, ka ci da iyalinka.” Shi ke nan. Ba takarda, ba hatimi, sai dattawa biyu da suka tsaya, su ma tuni ƙasa ta rufe su.

Gonar aro kuwa tana da ƙa'idarta, kuma babu yaron da ya tashi a bakin tafkin nan bai san ta ba. Ka shuka duk abin da za ka girbe a shekararsa: gero, dawa, wake, gyaɗa, har albasa in ƙasar ta yarda. Amma ba ka gini, ba ka haƙa rijiya, uwa uba ba ka dasa itace. Dalili a fili yake. Shaidu suna mutuwa, itace yana nan, gobe jikanka ya tsaya ya ce kakana ya dasa wannan, a rasa mai ƙaryata shi. Sannan in an yi girbi, sai ka ɗauki dami ka kai ƙofar mai gona da kanka, ka durƙusa ka gaishe shi. Ba kuɗin haya ba ne, don dami ɗaya me zai yi masa? Ana yi ne don yaran gidajen biyu su gani, su san ta wane ce.

Haliru bai taɓa fashi ba har ya koma ga Allah. Ɗanjuma ya gaji wannan zumunci, shi ma yana kai damin, don ko ba komai wuri ne na saka babbar riga. Noman kansa kuwa Dudu ce da 'ya'yanta. Ita ke shuka, ita ke ciro, ita ke korar tsuntsu, shi sai ranar girbi ya zo ya tsaya a inuwar tsamiya yana ba da umarni. Ba su da jirgi, ba su da taru, ba su da wata ƙasa ko taku ɗaya a duniyar nan. Abin da jigawar nan ta bayar shi ne tuwonsu daga kaka zuwa kaka.

Ana haka, wata shekara a farkon damina, sai ga farar mota ta sauko daga tudu. Wata ƙungiya ce mai dogon suna, mutanen gari suka gajarce mata suka ce 'yan katako. Jagorarsu wata matashiya ce, Firdausi, daga Birnin Kabi, mai fara'a da saurin magana. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci ta yi bayani. Ta ce masu sassaƙa jirage a Yelwa yanzu daga kudu suke sayo katako da tsada, don dajin nan an cinye shi. Ta ce su sun zo haɗin gwiwa ne da ƙananan manoma: a dasa itatuwan malaina da maɗaci layi-layi, a shuka gero da wake a tsakani, su ba da dashe da iri da taki, manomi ya ba da ƙasa da ƙarfinsa. Bana ka ci tuwo, nan da wasu shekaru ka sayar da katako.

Tsakani da Allah, ba shirme ta zo da shi ba. Sai dai kalmar nan ta haɗin gwiwa ta sha wuya a bakinta ranar, ta faɗa ta maimaita har wani tsoho ya tambayi na kusa da shi ko maganin ciwon ƙafa suka kawo. Daga ƙarshe ta ce suna son gona ɗaya a bakin hanya ta zama ta gwaji, a kafa allo da sunan manomin, duk baƙon da ya zo nan za a kai shi. Sharaɗi ɗaya ne, gonar ta zama ta mutum ce halak malak.

Rabin mutanen da ke zaune aro suke nomawa, suka sunkuyar da kai. Masu gonar kansu kuma, irin mutanenmu da ba sa gaggawa, suka ce za su yi shawara. Ɗanjuma kuwa tun da aka ambaci allo hankalinsa ya tafi can. Allo! Na ƙarfe, a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa zai gani! Bai ma san lokacin da hannunsa ya tashi sama ba.

Firdausi ta yi murmushi ta ce, “Madalla, Baba Ciyaman. Gonar taka ce ta kanka?”

Ya ce, “Tawa ce, ranki ya daɗe. Gadon uba.”

Wani ya yi tari. Wani ya tashi ya ce zai kama ruwa. Ba wanda ya buɗe baki, don ba a kunyata magidanci a gaban baƙi, ko da kuwa shi ya nemi kunyar da kansa. Ita kuma baiwar Allah ba ta ƙara tambaya ba. Da ta tsaya ta sha ruwa a gida ɗaya cikin garin, da mata sun gaya mata komai kafin ta ajiye moɗa, amma suna sauri, akwai wani taron a Shanga.

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Dudu tana tankaɗe, ko sannu da zuwa ba ta yi masa ba.

Ta ce, “Malam, mi niƙ ji? Itace za ka dasa a gonar Baba Musa?”

Ya ce, “Ke ba ki san harkar ci gaba ba. 'Yan tsirrai ne, ko gwiwa ba su kai ba.”

“Tsamiyar can ma da ko gwiwa ba ta kai ba. Ka tai ka gaya mishi. In ya yarda, to. In bai yarda ba, ka ba mutanen ga haƙuri.”

“In tai in ce musu ƙarya na yi? Ni? Gaban jama'a?”

“Jama'ar ai sun sani. Baƙin ne kaɗai ba su sani ba.”

Ya yi tsaki ya shige ɗaki. A ransa ya riga ya tsara komai. Baba Musa ya tsufa, idanunsa sun yi hazo, ya daina fita bayan gari. Ɗansa Sufyanu yana Yelwa yana sayar da kayan babur, sai Sallah yake leƙowa. In tafiya ta yi tafiya, amfani ya fara shigowa, sai ya je ya lallaɓa tsohon da alheri a hannu. Kai, wani lokaci mutum yakan yi wa kansa ƙaryar da ko yaron goye ba zai yarda da ita ba.

Aka kawo dashe cikin baƙaƙen ledoji, aka ja igiya aka dasa layi-layi. Aka kafa allo, fari fat, da sunansa da manyan baƙaƙe. Ranar nan Ɗanjuma bai iya zama a gida ba. Ya je ya goge allon da hannun riga, ya ja da baya ya kalla, ya tsallaka hanya ya sake kallo daga can. Damina kuma ta yi kyau, takin ya karɓi ƙasar, gero ya yi zangarniya irin wadda Dudu ba ta taɓa gani ba. Ya dinga yawo a gari yana cewa, “Kun gani? Ina masu surutu?”

Da kaka ta yi ya ɗauki dami ya kai ƙofar Baba Musa kamar kullum. Tsohon yana zaure a kan buzu. Ya shafa zangarniyar da hannu, ya sa albarka, sannan ya ce, “Ɗan Haliru, an ce mini akwai wata baƙuwar ciyawa cikin gonar ga.”

Ɗanjuma ya ce, “A'a Baba, abin masu aikin gona ne, na tare iska. Ba ya daɗewa. Rani na yi zai bushe.”

Baba Musa ya ajiye zangarniyar. Sannan ya ce, “To. Allah shi kai mu rani.”

Duk mai hankali ya san ƙofa aka buɗe masa. Tsohon bai makance a zuci ba, ya san komai, so yake abin ya mutu da kansa ba tare da an tsinka zumuncin shekara hamsin ba. Dudu ma ta gane. Ta ce wa mijinta, “Ka ji abin da ya ce. Ka bar su kawai. Kar ka cire, kar ka ba su ruwa. Rana ta yi aikinta, kowa shi huta.”

To fa! Nan ne abin takaicin yake. Mutumin da tun da aka haife shi fartanya ba ta taɓa yi masa kanta a hannu ba, ranin nan ne ya zama ma'aikaci. Ruwan tafki ya ja baya, tafiya ta yi nisa, amma kullum da safe sai ka ga Ciyaman da jarkoki a kan keke, yana turawa cikin rairayi, gumi na zuba. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya saboda awaki. Ya yi faɗa da makiyaya. Ya rame, ya yi baƙi, wuyansa ya fito. Da ya yi wa gero rubu'in wannan hidima a rayuwarsa, da rumbu uku gare shi. Duk don me? Don Firdausi ta ce gonarsa ta fi ta kowa a yankin, kuma manya za su zo daga Abuja su gani. Itatuwan suka rayu, malainar ta wuce kafaɗar mutum, ta yi kore shar a tsakiyar jigawa busasshiya, ana hango ta tun daga kan tudu.

Gab da faɗuwar damina, Sufyanu yana zaune a shagonsa a Yelwa wani abokinsa ya miƙo masa waya ya ce, “Wannan ba mutumin garinku ba ne?” Hoton bidiyo ne da ƙungiyar ta saka. Ga Ɗanjuma nan da hularsu, ya dafa allo, ga tsamiyar da Sufyanu ya sha 'ya'yanta tun yana yaro. Yana cewa da bakinsa, “Gonar ga tun kakanni muke nomanta, kuma itacen ga na dasa shi ne don jikokina.” Sufyanu bai gama kallo ba ya rufe shago ya hau babur.

Ranar Litinin aka aiko kiran Ɗanjuma. Ya tarar da Baba Musa a zaure, Sufyanu a gefensa fuska a murtuke, da dattawa biyu na unguwa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa a taƙaice.

Baba Musa ya ce, “Rani ya zo, ɗan Haliru, har zai wuce. Ciyawar ba ta bushe ba.”

Ɗanjuma ya fara kame-kame. Sufyanu ya yunƙura zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu.

Tsohon ya ce, “Ubanka ɗan'uwana ne, ko da ba ciki ɗaya munka fito ba. Ba ni son a ce ni na raba ɗiyansa da abinci. Ga shaidu. Ka tai ka cire itacen ga da allon ga kafin a sauko Juma'a. In ka yi haka, gona tana hannunka kamar jiya, ka noma har ka gaji. In an sauko Juma'a suna nan, na amshi abina.”

Hankalin Ɗanjuma ya tashi. Ba don gonar ba, kaico, ina ma don ita ne. Ranar Asabar ce manyan za su zo.

Ya ce, “Baba, don girman Allah, a ƙara mini kwana ɗaya tak. Baƙi za su zo Asabar. Suna tafiya, wallahi da hannuna zan tumɓuke su.”

Baba Musa ya ce, “Baƙin ne ma ya sa na ce Juma'a. Za su tsaya cikin gonata, gaban jama'a, su tafa maka a kan taka ce, a ɗauka a watsa duniya. Ni na kusa. In na kwanta dama, da wane baki Sufyanu zai yi magana? Juma'a na ce.”

Ya fito daga zauren. A hanya ya tsaya ya kira Firdausi, kuma Allah shaida ne, ya kira ne da niyyar faɗa mata gaskiya. Amma tana ɗauka ta hau murna. Ta ce, “Baba Ciyaman, yanzu nake shirin kiranka! Har da 'yan talabijin za a zo. Kai za ka yi jawabi a madadin manoman yankin gaba ɗaya. Ka shirya fa.” Ya buɗe baki zai faɗi gaskiyar. Abin da ya fito shi ne, “A shirye muke, ranki ya daɗe.”

Dudu ta yi magana ranar Talata, ta yi ranar Laraba. Ranar Alhamis ta daina lallashi, ta ɗauko gatari ta ajiye a gabansa yana karin kumallo.

Ta ce, “In kunya kake ji, ni in tai da yara mu sare su. Ka ce ban da hankali, ka ce ba da saninka ba. Na yarda a zage ni.”

Ya daka mata tsawa ya ce in ta taka gonar nan bai yafe ba. Ya ce Baba Musa barazana ce kawai irin ta tsofaffi, mutumin da ya goya shi a kafaɗa ba zai kore shi saboda kwana ɗaya ba. Ta dube shi, irin kallon da mace ke yi wa miji in ta gama auna shi ta ga ba nauyi. Ta mayar da gatarin inda yake, ta ce, “Allah shi kyauta.”

Ranar Juma'a Ciyaman bai yi salla a garinsu ba. Ya hau keke ya tafi wani ƙauye can gaba, wai yana gayyatar mutane taro. Tir! Da aka sauko, Baba Musa ya sa Sufyanu ya ɗauke shi a babur, abin da ya shekara bai yi ba, aka kai shi bakin gonar tare da dattawan nan biyu. Ya lalubi allon da tafin hannu, ya kama ganyen malaina ɗaya ya murza. Sannan ya ce a mai da shi gida.

Asabar tun da hantsi aka kafa rumfa a bakin hanya. Ɗanjuma ya sa aka buɗe rumbunsa aka yi fura da tuwo na baƙi, aka yanka kajin Dudu. Ya sha babbar riga, ya ɗora hular ƙungiya a kai, ya yi ta bitar jawabi yana kai da kawo. Azahar ta yi, shiru. Furar ta fara tsami. Sai wajen la'asar motoci suka sauko, suka ce hanya ce ta ɓata musu lokaci, kuma dole su kai Kwantagora kafin duhu. Wani mai ƙaton tumbi ya fito ya yi magana da Turanci, aka tafa. Wata ta rungumi malaina aka ɗauke ta hoto. Aka miƙa wa Ɗanjuma fartanya sabuwa fil aka ce ya yi kamar yana noma, ya duƙa cikin babbar riga yana saran busasshiyar ƙasa. Da aka zo kan jawabinsa, ya karɓi lasifika ya yi sallama, ya fara jero godiya, bai kai ga sunansa ba mai gabatarwa ya raɗa masa cewa lokaci ya ƙure. Ko tuwon ba su taɓa ba. Kafin ya gyara hula, ƙura ce kawai a kan tudu.

A nan ne hankalinsa ya dawo jikinsa, a makare. Washegari ana idar da asuba ya ɗauki gatari da magirbi ya nufi gona. Ya sare, ya tone, ya tumɓuke, itatuwan da ya shayar da guminsa duk tsawon rani, ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana haki. Ya girgiza allon har ya fita daga ƙasa. Da rana ta take ba sauran ko ɗaya a tsaye. Ya ɗaure wasu ya ɗora a kai, don tsohon ya taɓa da hannunsa ya tabbatar, ya ratsa tsakiyar gari da su, mutane na leƙowa ta kan danga. Ya zube su a ƙofar zauren ya durƙusa.

Ya ce, “Baba, ga su. Na cika alkawari. Ko saiwa ban bari ba.”

Baba Musa ya miƙa hannu ya taɓa ganyen da suka fara yaushi. Ya ce, “Mi ne wannan?”

“Itacen ne, Baba. Na cire duka.”

“Wa ya aike ka?”

Ɗanjuma ya ɗago kai. “Ai kai ka ce...”

“Na ce kafin a sauko Juma'a. Yau Lahadi. Tun shekaranjiya gonar ga ta dawo hannuna, da ita da abin da ke tsaye cikinta, ga shaidu nan da ransu. Ka dasa a ƙasata ba ka tambaye ni ba. Yanzu kuma ka shiga gonata ka sare mini itace, nan ma ba ka tambaye ni ba. Kai wane irin mutum ne, Ɗanjuma?”

Sufyanu ya ce a kai maganar gaban mai gari, ɓarna ce a fili. Tsohon ya girgiza kai ya ce, “A'a. Albarkacin Haliru na yafe itacen. Tashi ka tai gida.” Ɗanjuma ya yi ta roƙo, ya ambaci yara, ya ambaci kabarin ubansa, har hawaye ya yi. Baba Musa ya juya fuska ga bango, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Firdausi da ta ji labari ta kira shi ranta a ɓace. Ta ce da ya faɗa tun farko, ai suna da yadda suke yi da gonar aro, a zauna da mai ƙasa a yi yarjejeniya a raba katakon. Ta yi masa jaje, ta ce za su duba, daga nan lambarta ta daina shiga. Ya zaga gari yana neman wani aron, ko ɗan fili mai kuyya biyar ne. Kowa ya karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, a ce wallahi bana an riga an yi alkawari. Wa zai ba da ƙasarsa ga mutumin da aka gani a waya yana rabar da ta wani ga jikokinsa?

Ba a yi sati biyu ba ruwan shuka ya sauka, mai yawa, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasa. Da gari ya waye kowa ya fito, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri, ana ta yi wa juna barka da ruwa. Sufyanu ya wuce ta ƙofar gidan da 'yan ƙodago, sun nufi jigawa. Ɗanjuma yana zaune a tsakar gida a kan turmin da aka kifar, bai san inda zai sa kansa ba. 'Ya'yansa suna raɓe a bakin ɗaki, yau ba wanda ya tashe su da wuri.

Da rana Dudu ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta koma gefe ta zauna. Ya yi mamaki, don ya san tun ranar baƙi rumbu ya kusa kai ƙasa. Ya kai loma, ya ji tuwon ya yi laushi da gardi, ba irin na kwanakin nan ba. Don dai ya samu abin cewa, ya ce, “Kai, geron ga mai kyau ne. Ina kika samo shi?”

Ta ce, “Irin bana ne. Zangarniyar da na zaɓa na ɓoye tun kaka.”

Hannunsa ya tsaya a cikin kwano.

Ta ce, “Ina za ni kai shi? Ci, Malam. Yara na jiran saura.”